Baba da Tsohon Hawa na Biyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Baba ya cika, Laraba bayan azahar muka kai shi makwancinsa, daga nan ƙofar gidan ba ta sake rufuwa ba har kwana uku. Gidan su Baba a hawan ƙasa yake, cikin wani tsohon bene mai hawa shida a kan titin Grand Concourse, inda ya yi fiye da shekara ashirin yana aikin kula da benen, abin da a nan unguwar Bronx ta Amurka ake ce wa sufa. Takalman masu gaisuwa suka cika hanya tun daga bakin ƙofa har gindin lifta, mai kawo wasiƙu ma sai da ya riƙa tsallake su.

Matanmu 'yan Ghana, na zangon Kumasi da na Nima, suka mamaye kicin, tukwanen wake da shinkafa suna shiga suna fita. Mma, mahaifiyata, tana ƙuryar ɗaki da carbinta, ƙanwata da aka haifa a nan tana gefenta, ana yi mata gaisuwa da Hausa tana amsawa da Turanci cikin kuka. Mu maza muna falo a kan darduma. Wani ɗan Damagaram mai kantin atamfa ya durƙusa gaban Baba Ƙarami, ƙanin mahaifina, ya rushe da kuka kamar yaro.

"Wallahi da ba don Alhaji ba," in ji shi, "da yanzu masallaci biyu gare mu, kowane da rabin sahu."

Wata mata mai aikin kula da tsofaffi ta ce ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gari hitar da ke ɗumama mata ɗaki ta mutu, ga jariri a hannu, Baba ya wuni a ƙarƙashin bene har sai da ɗumi ya dawo, ya ƙi karɓar ko kofin shayi. Wani direba ya ce shi ya sasanta shi da matarsa, bayan an riga an rubuta saki ɗaya. Har wata 'yar ƙasar Dominika ta hawa na uku ta sauko, ta yi ta magana da yarensu tana dukan ƙirji, ba wanda ya gane kalma ɗaya amma kowa ya gane.

Ni ne babban ɗa. Ni ake miƙa wa hannu a ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Amma in zan faɗi gaskiya, kuma don in faɗe ta na zauna rubuta wannan, abin da ke cin zuciyata a kwanakin nan bai tsaya ga baƙin ciki ba. Kowa ya shigo da nasa Baban a baki: mai barkwanci, mai saurare, mai zama da mutum har ya huce. Ina jin su, ina laluben nawa rabon, sai in ji hannuna ya dawo wayam. Mutumin da suke yabo ban san shi ba. Kishi nake yi, kishin masu gaisuwar mutuwar ubana.

A rana ta biyu bayan la'asar falon ya yi tsit. Na ɗaga kai na ga tsohon hawa na biyar a bakin ƙofa. Bayahude ne, ya haura shekara tamanin, yana dogara sandar nan mai ƙafa huɗu, da 'yar ƙaramar hularsa a tsakiyar ka. Da safa kawai ya shigo. Ashe ya daɗe a waje yana fama da igiyar takalmi, ya ƙi yarda a taimaka masa. Ya tsaya tsakiyar mutane, ya buɗe baki da wata Hausa mai rawa, ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Wasu suka amsa da amin, wasu suka sunkuyar da kai. Baba Ƙarami ya kau da fuska. Mma ce ta aiko daga ciki a ba shi kujera, a kawo masa shayi ba madara, don ta san yadda yake sha. Ya zauna, ya karɓi kofin, ya ce da Turanci shekara goma sha bakwai ke nan ba Lahadin da ta wuce bai ga Baba ba, sai shekarar da Baba ya tafi Makka. Ya ce Baba yana cutarsa a wasan dara, in an kama shi ya yi ta dariya har hawaye. Ya ce yana rera masa waƙoƙin faretin soja na Kumasi yana buga tebur da cokali.

Baba yana waƙa? Na kai shekara talatin da takwas a duniya ban taɓa jin muryarsa ta hau sama ba sai a kiran salla.

Tsohon bai dube ni ba har ya tashi, kuma na san dalili. Ranar jana'iza da safe ya sauko sanye da baƙar kwat, ya same ni ina buɗe motata, ya ce ko akwai wuri ya bi mu maƙabarta. Na ce mota ta cika. Ba ta cika ba. Kujerar gaba haka ta tafi maƙabartar New Jersey babu kowa a kai, ta dawo babu kowa. Na gan shi ta madubi yana tsaye bakin titi har muka sha kwana.

Bari in koma baya, don wanda bai san Baba ba ya san shi gwargwadon yadda zan iya.

Soja ne a Ghana. Ina ɗan shekara biyu aka tura bataliyarsu kudancin Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya, ya je ya dawo, ya sake komawa. Da ya ajiye kaki bai daɗe a gida ba ya taho Amurka, bayan 'yan shekaru ya ɗauko Mma, ni aka bar ni wurin kakata a zango, wai sai takardu sun fito. Takardu suka yi ta fitowa har na zama saurayi. Ranar da na sauka filin jirgi na hango wani dogon mutum mai tafiyar soja, ya karɓi jakata, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "An iso lafiya? Ya tsohuwa?" Shi ke nan. A mota ya koya mini bambancin jirgin ƙasa na B da na D, da unguwannin da ba a tsayawa kallo.

Yana da ɗabi'unsa. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Yana goge takalminsa kullum ko da cikin kwatami zai shiga. Makullan benen gaba ɗaya suna rataye a ƙugunsa, tun daga nesa za ka ji tahowarsa. In mutum biyu suka kawo masa ƙara ba ya barin su fara magana sai sun ci abinci a kwano ɗaya, yana cewa, "Yunwa ma tana da bakinta a cikin faɗa, bari mu fara sallamar ta." Labarin Lebanon kuwa ba ya yin sa. Mma ce ta gaya mini cewa akwai ranar da suka tono yara daga cikin wani gida da bam ya rusa, shi ya ɗauki uku da hannunsa, kuma tun daga ranar ko lemo ya gani an rubuta daga Isra'ila yake, sai ya mayar da shi kan tebur.

To, yaya aka yi mutum irin wannan ya zama aminin tsohon hawa na biyar? Rabin labarin daga Mma na ji, rabi daga bakin tsohon daga baya.

Farkon haɗuwarsu faɗa ne. Hitar tsohon ta lalace, Baba ya hau gyara, ya ga hoton wani saurayi cikin kakin sojan Isra'ila a bango. Tsohon ya ce, "Ɗana ne. A Lebanon ya mutu." Baba bai ɗago daga aikinsa ba ya ce, "Na san wurin. Na ɗauki gawar yaran da ba su kai rabin shekarunsa ba." Ya ɗaure ƙarfensa, ya tattara kayansa, ya bar shayin da aka zuba masa yana tururi. Shekara biyu ba abin da ke haɗa su sai famfo da ƙwan fitila.

Wata rana da yamma a watan Nuwamba, matar hawa na huɗu ta kira ta ce tana jin ƙauri daga sama. Baba ya haura da gudu ya buɗe da makullinsa, ya tarar kyandir ya kama gefen labule, tsohon kuwa yana zaune ya zuba wa bango ido bai ma sani ba. Da hannu Baba ya kashe wutar, tabon yana tafin hannunsa har muka yi masa wanka. Da hayaƙi ya lafa sai ya ga kyandir ɗin a gaban hoto biyu aka kunna shi: na saurayin, da na wani dattijo mai sanƙo da tabarau. Baba ya gane shi. Firaministan nan ne na Isra'ila da aka harbe bayan ya yi musabaha da shugaban Falasɗinawa.

Tsohon ya ce ranar ce ta zagayo. Ya ce yana cikin taron da aka yi na neman zaman lafiya a Tel Aviv, ya tafi da hoton ɗansa a aljihu, ya ga mutumin da idonsa a kan dandamali. "Ba Balarabe ne ya harbe shi ba," in ji shi. "Namu ne. Ɗalibi mai ibada, mai hula irin tawa." Shekara ba ta zagayo ba ya tattara ya dawo Bronx inda aka haife shi, don ya ce ya ba ƙasar nan ɗa, ba shi da sauran abin da zai ba ta.

Baba ya jawo kujera ya zauna, hannunsa cikin kwanon ruwan sanyi. Ranar ya sha shayin. Kuma shekarar ita ce shekarar da na sauka a ƙasar nan. Na sha yin wannan tunanin: a lokacin da nake ƙasa ina koyon yadda zan kira shi Baba ba tare da harshena ya yi nauyi ba, shi yana sama yana buɗe cikinsa ga baƙo.

Daga nan mutumin da aka harbe ya shigo gidanmu. Tsohon ya ba Baba hoton musabahar nan da ya yanko daga jarida, Baba ya manna shi a ɗakin aikinsa na ƙarƙashin bene, sama da teburin da yake ajiye ƙusoshi. Ba hoton Mma a wurin, ba na ƙanwata, balle nawa. In aka taɓo zancen, mutumin da ba ya haɗa kalma goma da ni sai ka ji ya zama mai wa'azi.

"Ban ce waliyyi ba ne," yakan ce. "Soja ne tun yana saurayi. Ya ci yaƙi, an kori mutane daga garuruwansu a ƙarƙashinsa, ya yi wa yara masu jifa da duwatsu tsanani. Hannunsa ba wankakke ba ne, na fi ku sani. Amma ku dubi fuskarsa a hoton nan. Ba ya so! Hannun ya tafi, zuciyar tana baya tana ja. To wannan shi ne sulhu. Wanda kake so ai ba sulhu kuke yi ba, gaisawa ce."

Baba Ƙarami ba ya bari ta wuce. "Haba Yaya! Sulhun da ya bar mutane ba ƙasa? Me Falasɗinawa suka samu, ban da shinge a kan shinge?"

"Ban ce an yi musu adalci ba. Na ce mutum ya juya ya kama hanya, aka harbe shi ta baya kafin ya kai. Ni da kai ba mu san inda zai tsaya ba. Wanda ya harbe shi kuwa tsoro yake kada ya kai."

"Kai dai Yaya, tsohon nan ya wanke maka kai."

"Ya wanke, da ma da datti."

Haka za su yi ta yi har Mma ta leƙo ta ce tuwo zai huce.

Abin bai tsaya a baki ba. Lokacin da rigimar limanci ta tashi a masallacinmu, mutanen Ghana suka ce su suka kafa shi, 'yan Nijar suka ce su suka fi cika sahu, har aka kai ga canza kwaɗon ƙofa. Baba yana cikin waɗanda suka shimfiɗa tabarmar farko a masallacin, kowa ya ɗauka zai tsaya wa nasa. Sai ya ɗauki sabon makullin ya tafi har kantin ɗan Damagaram ɗin nan, wanda kwana uku kafin nan ya kira shi azzalumi a bainar jama'a, ya ajiye masa a kan tebur ya ce a raba Juma'a, mako ɗaya nasu, mako ɗaya namu. 'Yan Nijar suka karɓa. Namu ne suka juya masa baya. Shekara guda cur wasu abokansa na zango ba sa amsa sallamarsa, aka daina kiran sa suna da ɗaurin aure. Mma ta yi kuka. Shi kuwa cewa ya yi, "Mai raba faɗa shi ke shan duka. Ni nawa ma da sauƙi, gaisuwa kawai aka hana ni."

Ya kamata in yi alfahari da shi, ko? Na yi, a waje. A ciki kuwa ina cewa: ga mutumin da zai taka har kantin wanda ya zage shi, amma bai taɓa takowa unguwar University Heights ya ga inda ɗansa yake kwana ba sai ranar sunan jikansa.

Duk Lahadi nakan ajiye tasi in kwaso matata da yara mu zo cin abincin rana. Baba zai ɗauki jikokinsa, ya ba su makullai su yi wasa, ya tambaye ni, "Ya mota?" in ce lafiya. "Ka duba mai?" In ce na duba. Yana wanke hannu sai ya ɗauki wani ɗan kwano da Mma ta riga ta rufe, ya nufi lifta. Wata Lahadi Mma ta aike ni in kai masa maganinsa da ya manta. Na isa ƙofar tsohon na ɗaga hannu zan buga, sai na ji dariya. Dariya ce ta ƙasan ciki, har da tari, har da "wayyo cikina." Na tsaya ina tambayar kaina wane baƙo suka yi. Da na gane muryar ubana ce, na ajiye maganin a bakin ƙofa na sauko ta matakala, hawa biyar, don kada in haɗu da kowa.

Na kai ƙara wurin Mma. Ta ce, "Kai ɗan fari ne, kunya ce irin ta mutanen da. Ko sunanka ka taɓa ji na kama?" Na ce, "Mma, ke ba ki kama sunana, amma kin san abin da nake so a miya. Shi fa?" 

Abin ya fashe a bazarar da aka yi ta ruwan bama-bamai a Gaza, cikin azumi. Kowa waya a hannu, kowa ido ja. A ƙofar masallaci na ji wasu samari suna kiran Baba "sufan Yahudawa." Maimakon in tsawata musu, sai na ɗauko maganar na kawo ta gida. Muna shan ruwa ranar Lahadi, Baba ya kai dabino baki ke nan, idonsa ya kai kan kwanon da Mma ta rufe.

Na ce, "Baba, yau ma za ka hau?"

"Zan hau."

"Ana kashe yara, kai kana kai wa Bayahude ƙosai. Ka san abin da ake kiran ka a waje?"

"Na sani. Tsohon nan kwana huɗu bai ci abinci ba saboda yaran da kake faɗa. Kai ka ci."

Nan ne bakina ya kuɓuce. Na ce ba Gaza ce ta dame shi ba, ba kuma sulhu ba, suna yake nema. Na ce ya bar ni ina shekara biyu ya tafi raba faɗan Larabawa da Yahudawa, ya bar ni ina shekara goma ya taho gyara wa Turawa famfo, na zo na same shi ya sake bari na ya haura sama. Na ce, "Kowa ɗanka ne a garin nan ban da ni. Wanda aka harbe ɗin ma da kake yabo, ai shi ya miƙa hannu. Kai yaushe ka miƙo mini?"

 Baba ya dube ni, ya daɗe yana dubana, na ce yau zai faɗi wani abu, ko zagi ne ina so. Sai ya ce, "Ka sha kununka, zai huce." Ya ɗauki kwanon ya fita. Ina jin ƙarar makullansa har lifta ta rufe.

Ba mu sake tayar da zancen ba. Na ci gaba da zuwa, ya ci gaba da tambayar mota. Bayan shekara biyu zuciyarsa ta buga yana share dusar ƙanƙara a gaban bene. Ya yi kwana shida a asibiti, ni nake wuni da shi. Na yi ta jira, shi ma ina jin jira yake. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne in gaya wa mai benen cewa bututun hawa na biyu yana yoyo.

Bayan addu'ar arba'in Mma ta kira ni ɗaki. Ta ce, "An ce mota ta cika ranar nan." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni na ƙirga waɗanda suka shiga. Gobe ka kai tsohon nan maƙabarta."

Washegari da hantsi na buga ƙofar hawa na biyar. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko kwat ɗinsa. Muka ƙetare kogi. A maƙabarta ƙasa ta yi laushi, sandarsa tana nutsewa, dole na riƙe masa hannu, hannun ba nauyi kamar na tsuntsu. Na yi wa Baba addu'a, shi ya ja baya kaɗan ya yi tasa da yarensu a hankali. Da muka gama na kasa daurewa.

Na ce, "Shekara goma sha bakwai kuna hira. Me yake cewa a kaina?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kana so in yi maka ƙarya? Na iya, kuma za ka ji daɗi."

"A'a."

"To ba ya yawan maganarka. Ni nake ta zuba a kan nawa ɗan, shi yana saurare. Sau ɗaya na gaji na ce masa, kai naka yana raye, yana ƙasa yanzu haka yana cin abinci a teburinka, me kake yi a nan wurina? Ya ce, a nan ban yi wa kowa laifi ba. Ya ce in ya dube ka, yaron da ya bari a bakin ƙofar kakarka yake gani, kuma bai san da wane baki ake ba yaron nan haƙuri ba, tunda ya riga ya yi gemu."

Na ce, "Ai da ya gwada."

"Da ya gwada," in ji shi. "Na gaya masa. Matsoraci ne a nan wurin, na faɗa masa a fuskarsa, ya ce ya sani."

Ban san zan ji haushin a kira ubana matsoraci ba sai da na ji. Na ce masa ni fa kishinsa nake yi, tun ranar da na san da shi, kuma ranar jana'iza da gangan na bar shi a titi. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Kai kake kishi na? Yaro, duk Lahadi ina bakin taga. Ina ganinka ka fito daga benen nan fuska a murtuƙe, ka tura yaranka mota, ka ja ta da ƙarfi kamar ita ta yi maka laifi. Sai in juya in dubi ubanka yana jera 'ya'yan dara, in ji kamar in shaƙe shi. Yana da ɗan da zai yi fushi da shi. Nawa yana nan a shekara ashirin da ɗaya, ba ya fushi, ba ya komai. Da zan samu ya zage ni sau ɗaya a kan tebur yadda aka ce ka yi, da na ba da duk Lahadin nan."

Muka tsaya, iska tana kaɗa mana riguna, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Can ya fara ƙoƙarin sunkuyawa, gwiwa ta ƙi. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce a al'adarsu in ka ziyarci kabari kakan ɗora ɗan dutse a kai, don a san an zo. Na san abin da Baba Ƙarami zai ce in ya ji. Na duƙa na tsinto masa ɗaya, na goge ƙasar a jikin wandona, na sa masa a tafin hannu. Ya miƙa, hannun bai kai ba. Sai na kama wuyan hannunsa, na tallafe shi ta ƙugu, muka sunkuya tare har dutsen ya zauna.

Da muka miƙe yana haki, ya ce, "Sunanka fa? Bai taɓa faɗa mini ba."

Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu har ya iya.

Kishin bai tafi ba, kada in yi wa mamaci ƙarya a kan kabarinsa. Har yau in wani ya tare ni a Concourse ya fara ba ni labarin alherin Baba, sai na ji kishin ya motsa kafin in ce na gode. Amma na rubuta abin da suka gani da abin da na gani, don jikokinsa su san kakansu gaba ɗayansa: mutumin da ya iya zama da wanda ya ƙi jini, ya kasa zama da wanda ya haifa.

Ya Allah, Kai ka san abin da ya ɗauka da hannunsa da abin da ya kasa faɗa da bakinsa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya huta. Ni dai na yafe nawa. Baba, kai ma ka yafe mini.